Kujerar Baya

Litinin da Alhamis ake kai Hajiya Jaratu garin Buza wankin ƙafa. Ciwon suga ya buɗe mata gyambo a dunduniya, lokotoro ya ce in aka yi sakaci da shi sai an yanke. Tun da mijinta Alhaji Isma'ila ya sayo motar nan 'yar Kwatano bayan cirar albasa, aka daina jiran motar kasuwa a bakin hanyar ƙauyensu, Babankatami. Mota ce fara mai kujeru layi uku da ƙofar gefe ta ja, irin wadda Turawa suka gama kai 'ya'yansu lakol, wato makaranta, da ita suka turo mana.

Ba wanda ya raba wurin zama, kowa ya san nasa. Sharifu, babban ɗan gidan, shi ke tuƙi. Alhaji na gaba, don ba ya rasa dillalin da zai gani a Buza. Hajiya ta cinye kujerar tsakiya ita kaɗai, ƙafa a miƙe kan matashi. Ni'ima matar Sharifu tana can layi na uku, kusa da tayar ko-ta-kwana da jarkar ruwa, inda gilas ba ya buɗuwa. Suruka ba ta zama inda surukinta zai waiwayo su haɗa ido. Kuma dole ta je, don 'yan matan gidan duk sun yi aure. Ita ke tallabe Hajiya, ita ke riƙe mata zane wajen wanki, ita ke kai ta bayi.

Cikin Ni'ima wata huɗu a lokacin, cikin fari. Duk gidan an sani, duk gidan ba a faɗa.

A tafiya ta uku ta yi amai cikin leda kafin a kai rabin hanya. Ta ɗaure ledar ta ɓoye ƙarƙashin hijabi. Da aka sauka Sharifu ya ga tana dafa jikin mota, idanunta jajur.

"Lahiya?" ya ce a hankali, bai dube ta ba don ubansa na tsaye.

"Kaina ne. Kamar ana sara shi."

Hajiya ta ji. "Laulayi ne," ta ce. "Mu da muka haifi tara mun san shi. Kama ni nan, ɗiyar nan, ƙafata ta yi tsami."

Ranar wata Alhamis motar ta ƙi tashi a ƙofar gidan likita sai da aka tura. Sharifu ya bar su wajen wanki ya wuce garajin Iro, abokinsa tun suna yara, wanda ya yi shekara bakwai yana gyaran mota a Kwatano har ya iya karatun Faransanci. Iro ya duba batir, ya ce abin tada injin ne ya gaji, a riƙa haƙuri da shi. Ya buɗe akwatin gaba yana neman tsumma, wata takarda a ninke ta faɗo daga cikin littafin motar. Ya ɗauka yana dariya.

"Ɗan Alhaji, bari mu ga ko Baturen ya bar maka wasiyya."

Ya karanta layi biyu, dariyar ta tsaya. Ya zagaya bayan motar, ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashi. Ya daɗe. Da ya fito ya buɗe ƙofar baya, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya tura yatsa cikin wani rami da tsatsa ta ci, yatsan ya fita ta ƙasa.

"Wa ke zama nan?"

"Mi ya faru?"

"Na ce wa ke zama nan."

"Mai ɗakina."

Iro ya goge hannu. "Takardar ga daga masu ƙera motar take. Sun rubuta wa Baturen ya maido ta a gyara, don irin wagga mota hayaƙin salansa na komowa ciki ta baya. Bai kai ba, ga wurin hatimi nan wayam. Bayan haka gishirin da suke zubawa kan hanya lokacin sanyi ya cinye ƙasan. Bututun hayaƙin ma ya tsage, daidai ƙarƙashin kujerar. In Alhaji ya buɗe gilas ɗinsa don tofar da goro, iska na ƙara jawo hayaƙin ciki ne, ba fitar da shi take ba."

"Mu ba mu jin komi gaba."

"Ku ba ku ji. Ita ke shaƙa. Wanda ke kashe mutum a cikinsa ma ba shi da wari. Ka bar min ita in hau da ita kan ramin gyara."

Sharifu ya dubi rana. An kusa gama wankin. "Sai na yi wa Baba magana."

"Sharifu, mace mai..." Iro ya tsaya, don shi ma ya san ba a faɗa. "Kar ka daɗe."

Bai tambayi kwana nawa aikin zai ci ba. Ya ninke takardar ya sa aljihu.

Kwana biyu yana juya maganar a baki. Ranar Asabar bayan la'asar ya sami ubansa a ƙofar gida, an wanke motar tana sheƙi ƙarƙashin itacen bedi, mutum uku na zaune suna ta yaba ta. Ya jira suka watse. Ya durƙusa.

"Baba, Iro ya ce motar na son gyara. Hayaƙi na shiga ciki."

"Wane hayaƙi? Ni ina ciki ban ji ba."

"Ta baya yake shiga."

"To baya kaya ake zubawa." Alhaji ya ɓantari goro. Ya san wa ke baya, Sharifu ya san ya sani. "Kai ba ka san makanikai ba? Ka kai musu mota mai lahiya su kwance ta su ce ana jiran kaya daga Ƙonni. Wata biyu ba ta yi hannuna ba, a gan ta kan duwatsu garajin Iro, duk wanda ya bi hanyar Buza ya zo ya ce Alhaji Isma'ila gwangwani ya sayo. Kuma uwarka fa? A goye za ka kai ta?"

Nan ne wurin da Sharifu zai ce, Baba, yarinyar nan ba ita kaɗai ba ce. Kalmomin suna nan a harshensa. Amma ɗa ba ya buɗe baki gaban ubansa ya ambaci cikin matarsa, balle na fari. Ya ce, "To, Baba."

"Bari damina ta wuce a duba," in ji Alhaji.

Ya tashi yana jin kamar ya sauke nauyi. Ai ya faɗa.

Abin da ya iya yi shi ne ya cusa tsumma a ramin, ya shimfiɗa buhu a kai. Ya sayo mata lemun tsami ta riƙa shinshina. Bai gaya mata abin da Iro ya ce ba. Ya gaya wa kansa kada ya tsorata ta.

Sati ya bi sati. Ni'ima ta fara sanin ranakun mota tun daga jajibirinsu, sai ta kasa cin tuwo. In aka dawo Litinin ba ta tashi sosai sai Laraba, Alhamis kuma a sake ɗaukarta. Wata rana ta zuba gishiri sau biyu a miya. Wata rana ta tsaya tsakar gida da guga a hannu ta manta inda za ta. Hajiya ta ce daga kan tabarma, "Yaran yanzu da an taɓa su sai su narke. Ni ranar da na haifi Sharifu da safe surfe na yi." Ta ba da turaren wuta a riƙa turara motar kafin a tashi, ta ce wataƙila warin esansi, man motar, ne ke tada mata zuciya.

Wata Laraba da rana Sharifu ya shigo ɗaki ya same ta zaune bakin gado, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau.

"Malam," ta ce, "gobe ba za a iya samun wata ta raka Inna ba?"

"Wa?"

"Ko matar Kawu."

"Kin san Inna ba ta yarda kowa ya ga ƙafarta sai ke."

Ta sa hannu a cikinta, ta yi maza ta janye. "Ranar da muka shiga mota ba ya motsi. Sai washegari da yamma. Jiya ma sai da na sha ruwan sanyi na kwanta ta hagu kafin na ji shi."

Takardar na cikin aljihun rigarsa da ke rataye a ƙusa, taku biyu daga inda take. Ya dubi rigar, ya dubi ƙasa.

"Jijjigar hanya ce," ya ce. "Zan riƙa tahiya a hankali."

Ya gwada wajen uwarsa. Ya ce ko Ni'ima ta dawo tsakiya ta zauna ƙasa wajen ƙofa, ko ta ɗauki ƙafar a cinyarta. Hajiya ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Bayan kan ubanka? Ta riƙa huci a wuyansa? Can gidansu haka suka koya mata, ko kai ne ka fara rashin kunya da girmanka?"

"Inna, ba ta jin daɗi ne."

"Ni ina jin daɗi? Dubi ƙafata."

Ya dubi ƙafar. Lalle ciwo ne, ba ƙarya ba. Ya fita.

Iro ya tare shi sau biyu a kasuwar Buza. Na farko ya ce, "Ɗan Alhaji, ramina na jiranka." Sharifu ya yi dariya ya ce sati mai zuwa. Na biyu Iro bai yi wasa ba, ya tsaya gabansa kawai. Daga ranar Sharifu ya daina bin layin garajin, yana zagayawa ta bayan tasha.

Cikin ya shiga wata bakwai da damina ta kankama. Wata Litinin suka taso da hadari a gabas. Kafin su kai ƙoramar da ke yanke hanya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ƙoramar ta kawo, ja wur, tana tafe da rassan itace. Motoci biyu na tsaye a gabansu suna jira ta sauka. Aka ɗage gilasai duka.

Sharifu ya kai hannu ga makulli.

"Kar ka kashe ta," in ji Alhaji. "In ta ƙi tashi wa zai tura cikin wanga taɓo? Ni ko uwarka?"

Ya janye hannun.

Ruwa na dukan rufin mota. Injin na kaɗawa a tsaye. Alhaji ya ja carbi, can ya fara gyangyaɗi. Hajiya ta ce kanta ya yi nauyi, hadari ne. Sharifu ya gyara madubi ya hango Ni'ima. Ta jingina kai da gilas, lemun tsamin a hannunta. Ya ga ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta dubi ƙeyar surukinta, ta rufe. Bayan ɗan lokaci ya sake dubawa, idanunta a lumshe. Ya ce a ransa barci ne, gara ta huta. Ya san ba barci ba ne. Shi kaɗai ne a motar nan ya san abin da ke fitowa daga ƙarƙashin buhun, kuma makullin na nan dab da gwiwarsa. Ya ce bari ya ƙirga ɗari, in ruwa bai tsagaita ba zai kashe. Ya ƙirga ɗari. Ya sake ƙirgawa.

Sun fi awa a wurin. Da ƙoramar ta sauka suka haye, bai ƙara duba madubin ba har Buza.

A ƙofar likita Hajiya ta ce, "Ke, ɗiyar nan, taso mana." Shiru. Sharifu ya zagaya ya ja ƙofar, ya kwantar da kujera ya shiga. Lemun ya gangara ƙasa. Amai ya bushe a gefen bakinta. Ya kira sunanta, abin da bai taɓa yi gaban iyayensa ba, ba ta amsa ba. Ya ɗauko ta kamar buhun da ba a cika ba.

Ta farfaɗo bayan azahar, an sa mata abin shaƙar iska a hanci. Ungozomar likitan, wata dattijuwa mai tabarau, ta daɗe tana yawo da na'ura a kan cikin. Ta kira wata ta zo ta saurara. Daga baya ta fito baranda inda Sharifu ke tsaye.

"Kai ne mijin?"

"Ni ne."

"Ita za ta tashi, in Allah ya so. Ɗan kuwa babu. Zuciyarsa ta tsaya." Ta bar shi ya haɗiye wannan. "Ina son in tambaye ka. Tana kwana da gawayi a ɗaki a rufe? Ko kuna da injin wuta kusa da taga?"

"A'a."

"Ta ce min ciwon kan na zuwa mata Litinin da Alhamis. Ciwo bai san ranakun sati ba. Mi take yi ranakun nan?"

Alhaji na zaune kan benci, taku uku daga wurin. Sharifu ya ji idon ubansa a bayansa.

"Mota muke shiga," ya ce.

"Motar lahiya take?"

Matar ta dube shi ta saman tabarau har sai da ya sunkuyar da kai. Ba ta ƙara tambaya ba, ta koma ciki.

Washegari aka fitar da ɗan. Namiji ne, da gashinsa da farcensa. Sharifu ya karɓe shi cikin farin ƙyalle, bai kai nauyin tiyar gero ba. Aka rufe shi a Buza, mutum biyar a kan kabarin.

Gida ya cika da masu jaje. Kowa ya shigo sai ya ce haka Allah ya so, wani na tafe. Hajiya na gaya wa mata cewa ita tun farko ta ga cikin bai zauna daidai ba, yarinyar ba ta da jini. Alhaji ya yanka rago aka yi sadaka. Da wani maƙwabci ya ce ai Allah ya taimaka akwai mota a gidan, da ba a kai ta likita da wuri ba da ita ma an rasa ta, Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Wallahi kuwa." Sharifu na zaune gefe yana zuba wa baƙi ruwa. Ya ji maganar, ya ci gaba da zuba ruwa.

Ba wanda ya zage shi. Da ma wani ya zage shi.

Uban Ni'ima ya zo daga ƙauyensu na wajen Keita ya tafi da ita wankan jego. Alhaji ya ce a kai su da mota. Tsohon ya yi godiya, ya ce sun riga sun yi magana da direban motar kasuwa. Ni'ima ta wuce ta gaban farar motar, ba ta dube ta ba, ba ta dubi Sharifu ba.

Wata Laraba da sassafe Sharifu ya ɗauki makulli bai gaya wa kowa ba. Motar ta tashi bugu ɗaya. Ya isa garajin Iro rana na ɗagowa. Iro ya ji labari, bai yi masa gaisuwa mai tsawo ba, ya ce kawai, "Hau da ita kan rami." Ya yanke bututun da ya tsage ya sa wani daga tarin tsofaffin ƙarafa, ya juya bakinsa ya fita gefe. Ya yanko faranti ya like ramin da walda. Ya sa roba a bakin ƙofar baya. Sharifu na zaune kan tsohuwar taya yana kallon tartsatsin wuta. Bai gama shan shayin da aka miƙo masa ba Iro ya fito yana goge hannu.

"Shi ke nan."

"Shi ke nan mi?"

"An gama. Tada ta ka gani."

Ladan bai ko kira azahar ba. Da Sharifu ya dawo gida inuwar bedi ba ta gama juyawa ba, Alhaji ma bai san inda motar ta je ba, ya ɗauka wanki aka kai ta.

Ya yi kwana goma sha biyu kafin ya iya zuwa ganinta. Ya je a babur. Surukarsa ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta kawo fura, ta fita. Can Ni'ima ta shigo, ta rame, ta zauna nesa da shi ta jingina da bango. Suka gaisa kamar baƙi. Ya tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Ya ce Inna na gaishe ta, ta ce tana amsawa.

Ya kasa riƙe abin. Ya gaya mata duka, da bututun, da ramin, da abin da Iro ya karanta masa. Yana magana yana kallon tabarma. Ba ta katse shi ba.

"Tun yaushe ka sani?" ta ce.

"Tun kafin ruwan fari."

Ta ƙirga a ranta, ya ga leɓunanta na motsi. Wata uku. Ba ta yi kuka ba.

"Ranar da na ce maka ba ya motsi, ka sani ke nan."

"Na sani."

"A bakin ƙorama ma."

"Na sani."

Ta gyara zane a gwiwarta. Daga cikin gida ana jin ƙarar tafasar ruwan wankanta a tukunya.

"Na kai an gyara," ya ce da sauri, kamar mai miƙa wani abu. "Yanzu babu komi. In kika dawo ba za ki ƙara jin komi ba."

"Baba ya yarda aka bar ta garaji?"

"Ban tambaye shi ba."

"Ashe ana iya haka." Ta ɗago ta dube shi, karo na farko tun ranar ƙorama. "Kwana nawa ta yi can?"

Sharifu ya so ya ce uku, ya so ya ce sati. Ta ci gaba da kallonsa tana jira.

"Ba ta kwana ba," ya ce. "Kafin azahar aka gama."

Ni'ima ta dafa bango ta miƙe a hankali. Uwarta na kiranta daga ciki, ruwa ya yi zafi. Ta ɗaga labule ta shiga, ta bar shi da ƙwaryar furar da bai taɓa ba.